Mafi yawan masu shiga Kwalejin Al'umma ta Bronx ba sa fita da takarda: in tura 'yar ƙanwata ko in nemi wani wuri?

Direban Bronx:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka bi ta kwalejojin gwamnati na shekara biyu a ƙasar nan, ko kuma suke aiki a cikinsu. 'Yar ƙanwata ta iso New York da takardar zama ta dindindin, a hannuna take, ta gama sakandare a Kaduna da sakamakon WAEC mai kyau, kuma ba ta da wani buri da ya wuce ta zama ma'aikaciyar jinya. Kwalejin Al'umma ta Bronx da ke kan titin University ita ce ta fi kusa da mu, kuma kuɗinta dala 4,800 ne a shekara ga mazaunin birni mai cikakken karatu, abin da ba zai gagare mu ba ko da tallafi bai samu ba.

Abin da ya sa jikina ya yi sanyi shi ne, da na sa babban ɗana ya duba mana shafin College Navigator na gwamnatin tarayya, sai muka ga waɗanda suke kammala karatu a can ba su kai ɗaya cikin uku ba. Sannan an ce mana ɗalibansu sun ragu sosai a kan yadda suke a da. A tunanina na wanda bai yi zurfi a boko ba, makarantar da mutane suke gudu, kuma wanda ya shiga ba ya fita da takarda, akwai abin da yake damunta. Yarinyar nan amana ce aka danƙa mini, ba na so shekara uku ta wuce in rasa abin da zan faɗa wa uwarta. Shin laifin makarantar ne, ko na ɗaliban, ko kuwa mu ne ba mu iya karanta lissafin ba?

Malamin Rajista:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Ni a ofishin rajista na wata kwalejin al'umma a jihar Ohio nake aiki, kuma daga irin ofisoshinmu ne waɗannan alƙaluman suke fita. Adadin da ka gani gaskiya ne, amma ya kamata ka san su wa aka ƙirga kafin ka yanke hukunci da shi.

Tun bayan dokar da majalisar Amurka ta yi a 1990, wadda ta wajabta wa makarantu bayyana yawan masu kammala karatu, ma'aunin da aka fi yayatawa rukuni ɗaya kawai yake bi: waɗanda suka shiga babbar makaranta karo na farko a rayuwarsu, kuma suka fara da cikakken karatu. Ana ba su shekara uku a kan takardar shekara biyu, sannan a ƙirga nawa ne suka karɓi takarda a wannan makarantar da suka fara. Wanda ya fara da darasi biyu saboda yana aiki ba ya cikin lissafin ko kaɗan, alhali a faɗin ƙasar kusan biyu cikin uku na ɗaliban kwalejojin al'umma haka suke karatu. Yarinyar da ta yi shekara ɗaya a Bronx, ta koma Lehman, kwalejin da ke ba da cikakken digiri, ta gama digiri, ba a sa ta cikin masu kammalawa a Bronx. Wanda ya gama a shekara ta huɗu ma bai shiga wannan adadin ba. Da wannan ma'aunin, kwalejojin al'umma na gwamnati gaba ɗayansu kusan kashi 30 cikin ɗari suke samu. Amma idan aka bi ɗalibai tsawon shekara shida, aka ƙirga takardar da suka samu a ko wace makaranta, kamar yadda cibiyar National Student Clearinghouse take yi, adadin yana haura kashi 40. A shafin da ɗanka ya duba, idan ya gangara ƙasa zai tarar da wani sashe mai suna Outcome Measures, wanda ya haɗa da masu rabin karatu, ya kuma bi su har shekara takwas. Shi ya fi kusa da gaskiyar makarantar.

Sannan ka tuna cewa ƙofar irin wannan kwaleji a buɗe take. Ba a yin wata jarrabawa irin JAMB, ba a yanke makin shiga. Duk mai takardar sakandare ko makamanciyarta ana karɓarsa. Jami'ar da take tace masu nema, ta ɗauki ƙalilan daga cikinsu, dole adadin masu kammalawarta ya yi sama, domin tun a bakin ƙofa ta zaɓi waɗanda za su gama. Ita kuwa kwalejin al'umma, cikin ajinta akwai mai shekara arba'in da ya bar littafi da daɗewa, akwai wadda take koyon Turanci, akwai wanda ya zo darasi ɗaya kawai don ƙarin girma a wurin aiki. A tsari, ta yi kama da yadda yaro a gida yake yin difloma ta shekara biyu a kwalejin fasaha, sannan ya nemi shiga aji biyu na jami'a kai tsaye, sai dai a nan ba a tace kowa a farko.

Maganar raguwar ɗalibai kuwa, ba Bronx kaɗai abin ya shafa ba. Yawan ɗaliban kwalejojin al'umma ya kai ƙololuwa wajen 2010, bayan durƙushewar tattalin arziki ta 2008, lokacin da mutane suka rasa aiki suka koma aji. Da aiki ya dawo, sai suka riƙa raguwa shekara bayan shekara. A ƙarshen 2020 annobar korona ta zaftare kusan kashi 10 cikin ɗari a zango ɗaya, domin ɗaliban irin waɗannan kwalejoji su ne masu aikin shago da gidan abinci da kula da tsofaffi, kuma da yawansu ba su da kwamfuta ko ɗakin da za su zauna su bi darasi ta intanet. Daga 2023 an fara farfaɗowa, kodayake wani kaso mai yawa na ƙarin 'yan sakandare ne masu ɗaukar darussan kwaleji tun kafin su gama.

Abin da zan ja hankalinka a kai shi ne shirin ASAP na jami'ar birnin New York, wato CUNY, wadda kwalejin Bronx take ɗaya daga cikin kwalejojinta bakwai na shekara biyu. An fara shi a 2007. Ɗalibi yana alƙawarin yin cikakken karatu da ganin mai ba shi shawara a kai a kai, su kuma su cike masa giɓin kuɗin makaranta da tallafi bai rufe ba, su taimaka da littattafai, su ba shi katin shiga jirgin ƙasa da bas. Cibiyar bincike ta MDRC ta gwada shi ta hanyar ƙuri'a, wato aka raba ɗalibai masu hali iri ɗaya gida biyu, wasu suka shiga shirin wasu ba su shiga ba. Bayan shekara uku, kashi 40 na waɗanda suka shiga sun gama, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 22. Da aka kwaikwayi shirin a kwalejoji uku a nan Ohio, sai aka samu 35 da 19. Ɗaliban iri ɗaya ne, malaman su ne dai, azuzuwan ba su canza ba. A ganina wannan ya amsa rabin tambayarka: abin da yake kayar da yawancin yaran nan ba ƙarancin ƙwaƙwalwa ba ne, kuɗin mota ne da lokaci da rashin mai bin diddiginsu. Ranar da za ta cike fom, ta nemi shiga ASAP tun a zangon farko.

Hajiya Maman Biyu:

Alhaji, Allah ya saka maka da alheri a kan riƙon amana. Malam ya gama maganar lissafi, ni zan yi maganar jinya, tunda ta wannan hanyar na bi kuma yanzu a asibiti nake aiki.

Karɓarta a kwaleji ba ya nufin an karɓe ta a sashen jinya. Ƙofa biyu ce, ta farko a buɗe, ta biyun kuwa ƙunci gare ta. Za ta fara da darussan share fage, irin su Turanci da ilimin halayyar ɗan'adam da ilimin sassan jiki da aikinsu, kuma da makin da ta samu a waɗannan ne za ta yi takara da sauran masu nema a kan kujeru ƙalilan, domin asibitocin da ake tura ɗalibai koyon aiki ba sa ɗaukar kowa da kowa. Makin da zai ishe ta wuce darasi ba lallai ne ya ishe ta samun kujera ba. Na san mata da yawa da suka yi shekara biyu suna cewa gida suna karatun jinya, alhali ƙafarsu ba ta taɓa taka sashen ba, har kuɗin tallafinsu ya yi nisa. Don haka tun ranar farko ta tambayi mai ba ta shawara wane maki ake nema, sau nawa aka yarda mutum ya maimaita darasi, kuma idan ba ta samu ba wace hanya ce ta biyu. Akwai aikin ɗaukar hoton ƙashi, akwai aikin tsaftace haƙori a kwalejin Hostos da ke titi na 149, duk sana'o'i ne masu lasisi da rufin asiri, kodayake su ma ana takara a kansu.

Adadin da ya fi dacewa ka duba a kan jinya shi ne na waɗanda suke cin jarrabawar lasisi ta NCLEX a zama na farko, kuma hukumar ilimi ta jihar New York tana wallafa shi makaranta bayan makaranta. Ka kuma sani cewa tun daga dokar da aka sa wa hannu a ƙarshen 2017, sabuwar ma'aikaciyar jinya a jihar nan mai takardar shekara biyu dole ta yi cikakken digiri cikin shekara goma da samun lasisi. Wato kwalejin mataki ne na farko, ba ƙarshen tafiya ba.

Akwai wani tarko da ya kamata ku sani. Takardar shekara biyu kiredit 60 ce ko sama da haka (kiredit shi ne ma'aunin nauyin darasi, kowane darasi da adadinsa), amma a wajen masu ba da tallafi kiredit 12 a zango ya isa a kira mutum mai cikakken karatu. Idan ka ninka 12 sau huɗu, 48 za ka samu. Wanda yake ɗaukar 12 yana ganin yana kan hanya, alhali ba zai gama a shekara biyu ba, sai ya riƙa ɗaukar 15 ko ya ƙara da karatun bazara. Tallafin Pell na gwamnatin tarayya kuma, wanda mafi yawansa ya kai dala 7,395 a shekara, zango goma sha biyu kawai ake ba mutum a rayuwarsa. Darasin da ta fara ta janye a tsakiya ya ci daga wannan rabon, kuma idan janyewar ta yi yawa ana iya dakatar da tallafin gaba ɗaya.

Yanzu, Alhaji, ka yi mini afuwa, zan taɓa cikin gidanka. Lokacin da nake darasin sassan jiki, nakan taso daga aikin kwana a gidan wata tsohuwa da nake kula da ita, in shiga jirgin ƙasa mai lamba 4 da katunan da na rubuta sunayen ƙasusuwa a kansu, ina haddacewa a tsaye saboda idan na zauna barci zai kwashe ni. Matan da muka fara tare suka bari, kusan dukkansu ba jarrabawa ce ta kore su ba. Wata an canza mata lokacin aiki, wata mai riƙe mata yaro ta ƙaura, wata kuma daga gida aka matsa mata da kiran waya a kan ta turo kuɗin asibiti, ta ƙara awannin aiki, ta ce zango ɗaya kawai za ta huta, daga nan ba ta sake dawowa ba. 'Yar da take zaune a gidan kawunta, a al'adarmu ita ce mai girki, ita ce mai ɗauko yara daga makaranta, ita ce ake aika kasuwa, kuma kunya ba za ta bar ta ta ce tana da jarrabawa gobe ba. Idan kana so ta shiga cikin masu gamawa, ku zauna da uwargida ku sauke mata wannan nauyin a ranakun karatu, ka kuma faɗa wa 'yan Kaduna da bakinka cewa kada kowa ya nemi kuɗi a wajenta sai ta gama.

Ɗan Tudun Wada:

Kawu, ina gaisuwa. Malam da Hajiya manyana ne kuma sun fi ni sani, amma a ba ni dama in kawo ɗaya gefen, domin ina tsoron kada bayanin yadda ake ƙirga ya zama wanke makarantun nan tas.

Ko da ma'auni mai sassauci da Malam ya kawo, fiye da rabin waɗanda suka fara a kwalejin al'umma ba su da ko wace irin takarda bayan shekara shida. Cibiyar binciken kwalejojin al'umma da ke jami'ar Columbia ta nuna a 2016 cewa, kodayake kusan kashi 80 na masu shiga suna cewa digiri suke so, wajen ɗaya cikin uku ne suke komawa jami'a, kuma kashi 14 ne kawai suke samun digirin cikin shekara shida. Ba za a ce duk wannan laifin mai ƙirga ba ne. Shekaru da yawa kwalejojin nan suna tura sababbin ɗalibai azuzuwan gyaran lissafi da Turanci waɗanda ake biyan kuɗinsu amma ba su da kiredit, mutum ya yi zango biyu ko uku bai fara karatun da ya kawo shi ba, har ya gaji ya tafi. CUNY da kanta ta soke wannan tsarin a 2022, ta koma sa ɗalibi a darasi na ainihi tare da ƙarin awannin taimako. Da tsarin ba shi da laifi, da ba a soke shi ba.

A kan ASAP ma akwai abin lura. Gwajin ƙuri'ar da ya ba da 40 da 22 an yi shi ne a kwalejojin Manhattan da Kingsborough da LaGuardia, ba a Bronx ba, kuma a lokacin shirin ƙarami ne, ɗalibi yana ganin mai ba shi shawara sau biyu a wata. Daga baya an faɗaɗa shi ƙwarai, kowane mai ba da shawara ya samu ƙarin ɗalibai. Da aka bi ɗaliban gwajin har shekara shida, tazarar ta ragu zuwa kusan kashi 10, domin wasu daga cikin waɗanda ba su shiga shirin ba sun gama daga baya. Shiri ne mai kyau, ni ma zan ce ta shiga, amma sharaɗinsa na cikakken karatu yana barin waɗanda suka fi kowa bukata a waje, wato masu iyali da ba za su iya ajiye aiki ba. Ita da take da kawu a tsaye, wannan bai shafe ta ba, kuma shi ne babban abin da ta fi sauran da shi.

Ni a wata kwalejin na fara, na koma jami'a, kuma a wajen komawar ne na ga inda ake asara. An karɓi darussana, amma wasu an sa su a matsayin na zaɓi, ba su shiga cikin abin da sashena yake nema ba, sai da na ƙara zango. A cikin CUNY abin ya fi sauƙi, domin tun 2013 akwai tsarin Pathways da ya haɗa darussan gama-gari na kiredit 30 a duk makarantunsu, kuma wanda ya gama takardar AA ko AS, wato takardun shekara biyu da aka tsara don ci gaba zuwa digiri, yana da tabbacin samun gurbi a ɗaya daga cikin manyan kwalejojinsu, ko da ba wadda ya fi so ba. Takardar AAS kuwa, wadda jinya take cikinta, an tsara ta ne don fita aiki, saboda haka sai an duba ta da kyau. Suna da shafi mai suna Transfer Explorer inda za ta ga yadda kowane darasi zai koma a wata makarantar tun kafin ta ɗauke shi.

Tambayar da zan yi maka, Kawu, ita ce: tunda sakamakonta yana da kyau, me zai hana ta nemi Lehman kai tsaye? Ita ma a Bronx take, tana da sashen jinya na cikakken digiri, kuma kuɗinta dala 6,930 ne a shekara, wato bambancin bai kai dala 2,200 ba, wanda Pell da tallafin TAP na jiha za su iya shanyewa idan kun cancanta. Fom ɗaya ne na CUNY, kuma ana iya zaɓar makarantu har shida a cikinsa. Ta sa duka biyun, ta ga wadda za ta amsa, ta kwatanta takardun tallafin da za su aiko. A can ma sai ta yi takara kafin ta shiga sashen jinya, amma idan ta samu ta tsallake wahalar komawa, ta kuma cika sharaɗin dokar da Hajiya ta ambata tun daga farko.

Direban Bronx:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Hajiya, maganarki ta shige ni, kuma zan yi wa 'yan gida waya da kaina. Za mu sa makarantun biyu a fom kamar yadda Ɗan Tudun Wada ya ce. Saura abu ɗaya: watanta tara ke nan da sauka, kuma tana ɗokin ta fara a zangon da ke tafe. Kuɗin mazaunin birni zai hau kanta tunda ni na daɗe a nan?

Malamin Rajista:

Alhaji, kada ka ɗauka daɗewarka ta wadatar, ka je ofishin rajistarsu da takardunta kafin ta zaɓi darasi ko ɗaya. Ƙa'idar da aka sani ita ce zaman wata goma sha biyu a jihar kafin ranar fara karatu, kuma za su nemi shaida a rubuce, irin su takardar haya ko ta haraji ko katin shaida na jiha. Su ne za su faɗa maka ko za a dogara da zamanka, gwargwadon shekarunta da yadda riƙonta yake a takarda. Wanda ba a ɗauka mazauni ba dala 320 yake biya a kan kowane kiredit, wato kiredit 15 ya kama dala 4,800 a zango ɗaya, daidai da kuɗin shekara guda na mazauni. TAP ma yana da sharaɗin wata goma sha biyun. Fom ɗin FAFSA kuwa, wato na neman tallafin karatu na gwamnatin tarayya, tana iya cike shi yanzu, tunda takardar zamanta ta ba ta dama. Idan ranar fara zangon ta zo kafin ta cika shekara, gara ta jira na gaba, ta yi amfani da watannin wajen aika sakamakonta na WAEC ta hanyar da suka tsara, domin tantance takardun waje yakan ɗauki lokaci, sannan ta tambaya ko za a sa ta gwajin Turanci.